Idan Mama ta ajiye littafinta, ta kashe rediyo, a bincika

Gaisuwa daga Jos, inda hunturu ya fara kankama, 'yan gwanjo kuma suka baje rigunan sanyi tun daga Taminus har Titin Bauchi.

Yau tambaya zan fara yi muku kafin mu shiga batun magani. A gidanku wane ne mai rediyo? Ina nufin mutumin nan da ba a taɓa masa akwatinsa, wanda in batirinsa ya mutu kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. Ko wace ce mai littafi, wadda za ta ɗora tukunya ta zauna da littafi a cinya har albasa ta ƙone? A wani gidan kaka ce da ba ta yarda a canja tasha in an fara Daɗin Kowa. A wani gidan tsoho ne da ya tara kaset-kaset na Shata da Ɗan Maraya a cikin jakar da ta girmi 'ya'yansa. Da wuya a rasa irin wannan mutum a gida, kuma yawanci tsokanarsa ake yi, ko a riƙa yi masa faɗan ɓata lokaci.

Abin da nake so mu duba shi ne ranar da mutumin ya daina. Rediyo ya yi shiru, littafi ya yi ƙura a kan durowa, an fara shirin amma ba ta fito falo ba. Mu a gida sau da yawa daɗi ma muke ji, mu ce girma ne ya zo. A wajen ma'aikacin lafiya kuwa wannan alama ce, kamar zazzaɓi ko kumburin ƙafa, kuma takan riga sauran alamomi fitowa. Mutum ba ya sakin abin da ya shekara talatin yana so haka siddan.

Zan ba ku misali da wata dattijuwa da ke karɓar maganin hawan jini a kantin da nake aiki. Na nemi izininta kafin in rubuta, ta ce in rubuta amma kar in kama suna, don haka Hajiya kawai zan riƙa cewa. Tsohuwar malamar firamare ce, ta haura shekara sittin, kuma ban taɓa ganin mai son labari kamarta ba. Da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ta buɗe ido a makaranta. Tana budurwa littafin Hafsat Abdulwaheed, So Aljannar Duniya, ya fito a 1980, ta ce a ɓoye suka riƙa karɓa-karɓa da shi a ɗakin kwanan ɗalibai har bangonsa ya cire. Da zamanin littattafan kasuwar Kano ya zo a shekarun 1990, lokacin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, ta zama babbar kwastomar wani mai hayar littafi a unguwarsu. Har yau in ana gardamar marubuta mata, Balaraba Ramat Yakubu take sa wa a gaba, wai don ita ba ta yi wa maza kara. Tana karatu ne da jan biro a hannu, halin malanta bai sake ta ba, duk inda aka rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa" sai ta ɗora ƙugiya. Marubutan yanzu na WhatsApp kuwa ta ce labari suna da shi, aya da waƙafi ne Allah bai hore musu ba.

Wanda ya tashi a Jos ba zai yi mamakin irin Hajiya ba. Garin nan ya daɗe da harkar kallo da sauraro. A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, da makarantarta ta koyon aikin fim, da kwalejin talabijin ta NTA. Gidan tarihinmu tun 1952 yake. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa taka silimar Kwararafa ba, don a lokacin ba wajen 'ya mace ba ne, amma yayyenta maza in sun dawo sai sun ba ta labarin fim ɗin Indiya daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon faɗan. Da bidiyo ya shigo ɗaki sai ta rama. Ranar 1 ga Janairu, 2007 da aka ce Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota, ta ce ta yi kuka kamar ɗan cikinta, don ɗan garin nan ne. Ɗan Maraya kuwa, haifaffen Bukuru mai kuntigin nan mai tsirkiya ɗaya, wanda ya rasu a watan Yunin 2015, ta taɓa ce min duk abin da muke rubutawa a shafin iyali ya riga mu faɗa a Jawabin Aure, kuma shi bai ci takarda ba. Ban yi mata musu ba.

Ga rediyo. Bayan asuba da azkar, BBC Hausa, tashar da ta girme ta tunda a 1957 aka buɗe ta. Daga nan ta leƙa Muryar Amurka da DW don ta ji ko bakinsu ya zo ɗaya. Tun da aka fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016 take bin labaran, kuma kusan kowace shekara tana da ƙorafi a kan hukuncin alƙalai. Duk wata in ta zo karɓar magani sai na sha bayanin littafin da take ciki, ko na tambaya ko ban tambaya ba, mutane na layi a bayanta.

Sai aka yi wata biyu ban gan ta ba, surukarta ce ke zuwa da katin. A wata na uku surukar ta ce in haɗa mata da maganin ƙarin jini da na cin abinci, "mai ƙarfi", don Mama ta yi sanyi, ba ta da kuzari, kullum tana ɗaki a kwance. Na ce mata, wane littafi take karantawa yanzu? Ta yi dariya ta ce ai Mama ta tuba, rabonta da littafi tun kafin babbar Sallah. Rediyon fa? Ta ce yana nan, amma ba ta cika kunnawa ba. Na ce to a bar maganin ƙarin jinin tukuna, a kawo min Mama, a kuma haɗo duk wani magani da ke ɗakinta a leda, har wanda ba ni na ba ta ba.

A cikin ledar akwai wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa a ido. Tun hunturun da ya wuce ƙura ta sa mata ƙaiƙayin ido, aka sayo mata a wani kemis, ta ji daɗinsa, sai ta mayar da shi abokin zama, in ya ƙare a sayo wani. Kusan wata goma. Da na juya kwalbar sai ga Dexamethasone a rubuce.

A nan zan ɗan tsaya, don wannan ita ce matsalar da na fi gani a bakin kanta a lokacin sanyi. Dexamethasone da Betamethasone da Prednisolone dangin magani ne da ake kira sitiroyid. Suna kwantar da ƙaiƙayi da jan ido cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake son su, kuma sau da yawa a haɗe suke zuwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwalba ɗaya. Magunguna ne masu amfani in likitan ido ya rubuta, ya ƙayyade kwanaki, yana kuma auna idon. Amma in aka ɗauki makonni ana ɗigawa, a wasu mutane sukan hana ruwan cikin ido fita yadda ya kamata, sai matsin cikin idon ya hau, ya riƙa danne jijiyar gani a hankali. Wannan shi ne ciwon gilakoma, wanda muke kira hawan jinin ido. Sunan nan yana ruɗar mutane. Ba jini ba ne ya hau, ruwan cikin ido ne, kuma mutum zai iya samun awon jininsa lafiya lau alhali idonsa na lalacewa. Awon matsin ido na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21, kuma da na'ura ake auna shi a asibitin ido, ba da abin awon jini na hannu ba. Ban da wannan, doguwar mu'amala da sitiroyid tana kawo yanar ido da wuri, in kuma akwai gyambo a kan baƙin ido tana iya faɗaɗa shi.

Muguntar gilakoma ita ce yawancinta ba ta ciwo, kuma daga gefe take fara cin gani. Mutum yana ganin abin da ke gabansa, sai dai ya riƙa tuntuɓe da buta, ya riƙa karo da gefen ƙofa. Ta fi yawa a baƙar fata, tana bin dangi, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Magani tsayar da ita yake yi. Ba sai da sitiroyid take kama mutum ba, shi ya sa duk wanda ya kai arba'in, musamman in a danginsu akwai wanda ya makance da girma, ya kamata a auna masa ido ko ba ya jin komai.

Hajiya ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce da farko layi take ɓatarwa, ta gama layi ta rasa farkon na gaba. Sai ta ga rubutun ya yi hazo. Ta ce tsufa ne, kuma ba ta so ta ɗora wa ɗanta kashe kuɗi. Abin da ya fi ci mata rai, wanda ba ta faɗa ba sai da surukar ta fita waje, shi ne Alƙur'aninta ma ta koma karanta abin da ta haddace kawai. Ga masu ganin littafin labari ɓata lokaci ne, ku lura da wannan: idon da ya kasa karanta Balaraba shi ne ya kasa karanta izu biyun da ta saba kullum. Da an tambayi dalilin ajiye na farkon, da an gano na biyun da wuri.

Ba duk mai ajiye littafi ne ke da gilakoma ba, kar in tsorata ku. Mafi yawan lokaci abin ya fi haka sauƙi. Daga shekara arba'in zuwa arba'in da biyar idon kowa yakan fara gajiya da ganin kusa, sai ka ga mutum yana miƙa hannu da takarda nesa kafin ya karanta, ko ya ba yaro zare ya zura masa a allura. Wannan gilashin karatu ne maganinsa, kuma ba shi da tsada. Maganar da ake yi wai gilashi yana ƙara kashe ido ba gaskiya ba ce, shekaru ne ke ƙaruwa, da gilashi ko babu. Amma kafin a tsaya a bakin titi a gwada na tire, a je a auna idon sau ɗaya, don gilashin zai gyara rubutu ya bar ciwon da ke ciki yana aikinsa. Mai ciwon suga kuma nasa daban ne. In suga ya hau gani yakan yi hazo, in ya sauka ya washe, don haka ba a yanka masa gilashi sai sugan ya daidaita, kuma ana so a duba bayan idonsa sau ɗaya kowace shekara. Yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki a asibiti, mutum ya koma gani. Masu yawo unguwa-unguwa suna tura yanar ciki da tsinke kuwa, na roƙe ku da Allah, a rufe musu ƙofa.

Rediyo labarinsa a kunne yake. Kafin dattijo ya kashe rediyo gaba ɗaya yakan yi watanni yana ƙara murya har maƙwabta su ji, yana cewa 'yan jaridar yanzu ba sa buɗe baki. Wani lokaci dauɗar kunne ce ta toshe, a wanke a asibiti a huta, ba a sa tsinken ashana ko auduga ba, don tura ta ciki suke yi. Wani lokaci shekaru ne. Wani lokaci kuma mu ne, masu magani. Allurar Gentamicin da ake yi wa mutane barkatai da sunan taifot ko "infekshan" tana iya kashe ji, kuma wanda ta kashe da wuya ya dawo, musamman ga tsoho ko mai ciwon ƙoda. Kwinin yana sa kunne ƙara, amma shi galibi yakan saki in an gama. Kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa a kan ciwon mantuwa ya sa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da shi, a rahotonsa na 2024 kuma ya ƙara da raunin gani da ba a yi wa magani ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ba ya ji, ba ya gani, yakan janye daga hira, daga nan ƙwaƙwalwa ta rasa abin taunawa.

Sai kuma magungunan da ke sa mutum ya zama kamar an jiƙa tsumma. A ledar Hajiya akwai Piriton, tana shan ɗaya kowane dare don ƙaiƙayi da barci. A jikin matashi ba wani abu ba ne. A jikin tsoho yakan kwana ya wuni, ya busar da baki, ya sa ganin kusa ya yi dishi-dishi, ya sa jiri har a faɗi. Haka Diazepam da ake sha don barci, haka Amitriptyline da ake ba masu zafin ƙafa na ciwon suga, haka tsohon maganin hawan jinin nan Methyldopa, wanda ke sa kasala, a wasu ma har da damuwa. Kuma ku ji abin takaici: yawancin ruwan maganin "cin abinci" da ake zuwa saya wa tsofaffi yana ɗauke da Cyproheptadine, ɗan uwan Piriton ne, barci zai ƙara mata. Da na miƙa wa surukar abin da ta nema, da mun ƙara tura Hajiya cikin katifa. Wannan ba yana nufin a watsar da maganin da likita ya rubuta ba. A kwashe su duka a kai wa likitan ko mai haɗa magunguna, a ce ga abin da muka lura da shi.

Akwai dalili na huɗu, wanda ba a gani a leda. Hajiya tana da wata ƙawa da suka koyar a makaranta ɗaya, Kirista ce. A da gida ɗaya ne tsakaninsu, suna musayar littattafai, ita ta ba ta na Hausa, ita kuma ta ba ta 'yan ƙananan littattafan Turancin nan na Pacesetters. Rikicin Satumbar 2001 ya raba musu unguwa kamar yadda ya raba dubban mutanen garin nan, na 2008 da na 2010 suka ƙara nisan. Amma ba su daina ba, a waya suke ba juna labari, wani lokaci su haɗu a Taminus a miƙa leda. Ƙawar ta rasu a farkon daminar bana. Hajiya ta ce ko da idon yana gani, in ta gama littafi wa za ta gaya wa?

Baƙin cikin rashi ba cuta ba ne, kowa yana yi. Amma yana iya zarcewa ya zama ciwon damuwa, kuma a wajen manyanmu ciwon damuwa ba ya zuwa da "raina a ɓace yake". Yana zuwa da ciwon jiki, da zafin kai, da abu na yawo a jiki, da farkawa ƙarfe uku na dare, da ƙin abinci. Likitoci suna da tambayoyi biyu da suke fara tantance shi da su, kuma ku ma za ku iya yi a gida cikin hira. A makonni biyun da suka wuce, kin ji abubuwan da kika saba jin daɗinsu sun fita daga ranki? Kin ji ranki a jagule, ko kin yanke ƙauna? Ku lura, tambayar farko ita ce ainihin maganar da muke yi tun ɗazu. In amsar ɗaya daga ciki "e" ce kusan kullum, a ga likita. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani, sai dai maganin yakan ɗauki makonni biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, don haka ba a yanke masa hukunci a kwana uku. Likita zai kuma duba ƙarancin jini da suga da aikin ƙullin maƙogwaro, don su ma suna kashe sha'awa. Wannan bai tsaya a kan tsofaffi ba. Mai jegon da a da ba ta wuce Labarina, yanzu ko waya ba ta son ɗauka, ita ma a yi mata tambayoyin nan.

Na rubuta wa Hajiya takarda zuwa asibitin ido. An samu matsin ya hau a ido biyun. Likita ya janye ta daga sitiroyid a hankali, ya ɗora ta a kan maganin sauke matsi. Idon hagu ya riga ya yi asarar wani ɓangare na gefe, wannan ya tafi ke nan. Na dama an tare shi da sauran ƙarfinsa, an kuma ba ta gilashi. Piriton ya fita daga ledar. Batun damuwar, likita ya ce a sa ido tukuna, ta dawo bayan wata guda.

Abin da iyalin suka yi daga baya ya burge ni. Ɗanta ya sayo mata Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe. An sa mata littattafan da ake karantawa da murya a YouTube a cikin waya, ta saurara kwana biyu ta ce mai karatun yana gudu kamar ana binsa bashi. Sai aka ba jikarta 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare aikin karanta mata shafi goma bayan la'asar. Yarinyar irin yaranmu ne na Jos, Hausa a baki kamar ruwa, a takarda kuwa sai tuntuɓe. Yanzu kaka na kwance da jan biro tana gyara mata, suna faɗa a kan wace ce mai laifi tsakanin uwargida da amarya a cikin labarin.

Duniya ta fara ɗaukar wannan da muhimmanci. A Ingila tun 2013 akwai tsarin da likita ke rubuta wa mai damuwa sunan littafi ya je ɗakin karatu ya karɓa. A 2019 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya fitar da babban rahoto a kan gudummawar waƙa da karatu da zane da wasan kwaikwayo ga lafiya. Wani bincike na Jami'ar Yale a Amurka da aka buga a 2016 ya bi mutum 3,635 da suka haura shekara hamsin har tsawon shekara 12, ya ga masu karanta littafi sun fi marasa karantawa daɗewa da kusan shekara biyu. Ba zan ce muku littafi ne kaɗai ya yi wannan ba, rai na Allah ne, kuma mai karatu yawanci yana da wasu halaye masu kyau a gefe. Ni abin da na gani a bakin kanta ya ishe ni: tsohon da ke da abin da yake jira gobe ya fi kula da maganinsa.

A kan haka ne ma nake amfani da sha'awar mutum wajen tsara masa shan magani. Ce wa dattijo "sau ɗaya kullum" bai cika zama ba. Amma in na ce Baba, da an yi taken labaran safe a haɗiye ƙwayar hawan jinin, ba ya mantawa, don shi ba ya makara da labarai. Maganin idon Hajiya na dare an ɗaure shi da labaran dare. Ɗigo ɗaya ya isa, a rufe ido a danna kusurwar da ke kusa da hanci da yatsa kamar minti biyu don kar ya gangara maƙogwaro. In iri biyu ne a bar minti biyar tsakani. A rubuta ranar da aka buɗe kwalba a jikinta, yawancinsu bayan mako huɗu zubarwa ake yi. Mai asma kuma ya faɗa wa likitan ido tun kafin a rubuta, don akwai mai suna Timolol da ke iya tayar da ita.

Kar matasa su ɗauka na ba su lasisi. Akwai bambanci tsakanin mai karanta shafi ashirin ta rufe, da wadda ke ƙudundune cikin bargo da waya har ƙarfe uku tana bin littafin WhatsApp, da safe ta zo tana neman maganin ciwon kai. Ita barci take bukata, kuma shan maganin ciwon kai kusan kullum shi kansa yana haifar da wani ciwon kan. Masu kwana da iyafis a kunne su ma su rage murya, kar ta wuce kashi sittin cikin ɗari, in na kusa da kai yana jin abin da kake ji to ya yi yawa. Mai suga ko hawan jini da ke zama awa uku a gaban talabijin ya riƙa miƙewa a lokacin talla, tallan ma ai ba kaɗan ba ne.

Ga wanda wannan bayani ya tuna masa da wani a gida, a nan Jos akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da asibitin Jankwano. Na Kaduna suna da Cibiyar Ido ta Ƙasa, na Kano suna da asibitin ido na ECWA da sauransu. In za a tafi a ɗauki ledar magunguna gaba ɗaya, har da na gargajiya da kwalaben da suka ƙare, da tsohon gilashi in akwai. A tafi da wanda zai riƙe hannu a dawowa, don in an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido gani yakan yi hazo na wasu awoyi, kuma ba a tuƙi. A faɗa wa likita watan da aka ajiye littafin ko aka kashe rediyon, zai taimaka masa ya san tun yaushe abin ya fara.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba tarin yara a lokacin hunturu, da dalilin da ya sa ba na son a ba ɗan ƙasa da shekara shida maganin tari na kwalba. A ci gaba da aiko da tambayoyi ta hannun edita. Allah ya ƙara mana lafiya.